Bayan an Cire Haƙori: Kumburin Fuska da Riƙewar Muƙamuƙi

Jawabin da wata ma'aikaciyar jinya ta yi wa masu aikin sa kai na kiwon lafiya a taronsu na Zauro

 Na ga waɗanda suka taso daga Ambursa tun da sassafe, na ga na wajen Argungu, na kuma ga waɗanda suka bar aikin fadama suka zo. Na gode ƙwarai. Zan yi ƙoƙari in gama kafin rana ta yi zafi.

Da aka ce in yi magana a kan abin da ke biyo bayan cire haƙori, wani ɗan'uwa ya tambaye ni ko wannan ma har ya isa a tara mutane a kansa. Bari in ba shi amsa da labarin mutum biyu da na gani da idona a mako guda, a wani asibiti da na taɓa aiki.

Ta farkon mace ce. An cire mata matauni na ƙasa, kwana biyu ke nan. Ta zo tana kuka, kumatunta ɗaya ya yi suntum, bakin ba ya buɗuwa sosai, ga uwar mijinta a baya tana cewa likita ya taɓa mata jijiya. Muka duba ta. Babu zazzaɓi, tana haɗiye ruwa lafiya, kumburin da laushi, ramin haƙorin tsaf. Muka gaya mata abin da za ta yi, muka sallame ta. Bayan mako guda ta zo mana da ƙullin gyaɗa tana dariya.

Na biyun manomin shinkafa ne, ƙaƙƙarfan mutum. Shi a kasuwa aka cire masa, kuma ran nan da yamma ya koma gona. Da fuska ta kumbura aka shafa masa kanwa, aka gasa masa da tsumma mai zafi, aka sayo masa haɗin ƙwayoyi a kemis. Sai a dare na biyar aka kawo shi a kan babur, mutum ɗaya na riƙe da shi ta baya. Ya kasa kwanciya. Yana zaune ya turo kai gaba, yawu na zuba don ya kasa haɗiyewa, ƙarƙashin haɓarsa ya yi tauri kamar katako. A daren muka tura shi babban asibiti. An tsaga, an fitar da mugunya, an yi ta ba shi magani ta jijiya. Ya rayu, amma dashen shinkafar shekarar bai same shi ba, kuɗin da aka tanada na taki kuwa a asibiti ya ƙare.

Dukansu biyu kumburi ne ya kawo su. Ɗaya ba ta buƙatar kome sai kwanciyar hankali, ɗaya kuwa da an ƙara kwana guda da ba wannan zance ake ba. Ku ne mutane ke fara tambaya a unguwa kafin su yanke shawarar ko za su kashe kuɗin mota. Don haka abin da nake so ku tafi da shi yau shi ne yadda za ku bambance wannan da wancan.

Mu fara da kumburin da ba na tsoro ba. Haƙori ba a ajiye yake a baki kamar tsakuwa ba, saiwarsa a cikin ƙashi take. In an cire shi an yi wa jiki rauni ke nan, ko da likitan ya fi kowa iya aiki. Jiki kuwa in ya ji rauni yakan tura jini da ruwa wurin domin gyara, wannan ruwan ne ke taruwa a kumatu. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, kumburin ba ya fitowa sosai a ranar da aka yi aikin. Washegari yake fara nuna kansa, ya kai iyakarsa a kwana na biyu zuwa na uku, daga nan ya soma saɓewa. Yawanci cikin mako guda zuwa kwana goma fuska ta koma yadda take. Saboda haka wanda ya tashi a kwana na biyu ya ga fuskarsa ta fi ta jiya, wannan kaɗai ba alamar ɓaci ba ce. Haƙoran can ƙurya na ƙasa, waɗanda kan fito bayan mutum ya kai shekara 17 zuwa 25, su suka fi kawo kumburi, musamman in sai da aka yanka dasashi ko aka rage ƙashi kafin su fito.

Ku riƙe kwana uku a ka. Kumburin da ke hawa har kwana uku sannan ya fara sauka, hanyarsa yake bi. Wanda ke ci gaba da hawa bayan kwana uku, ko wanda ya sauka ya sake tasowa, shi ne abin dubawa.

To me za a yi a ranar farko? Abu mafi muhimmanci ba a kumatu yake ba, a cikin ramin yake. Bayan an cire haƙori jini kan daskare a ramin ya zama guda. Wannan gudan jini shi ne murfin ciwon, a ƙarƙashinsa sabon nama ke tsirowa. Duk dokokin da likita ke bayarwa a ranar farko domin tsare shi ne. A ciji audugar da aka sa na rabin awa, ba tare da cirewa a duba ba. Kada a kurkure baki har awa 24. Kada a yi ta tofar da yawu da ƙarfi, kada a tsotsi abin sha da tsinken roba, kada a sa harshe ko yatsa ko tsinken sakace a wurin. Taba sigari, taba gari da goro duk a ajiye su. Na san goro da wuya ga dattawanmu, amma a daure ko da kwana uku ne.

Sau da yawa 'yan'uwa Musulmi kan tambaye ni batun alwala a wannan rana. Abin da nake ce musu ta fuskar lafiya shi ne, a sa ruwan a baki a hankali, a sunkuya ya zubo da kansa, ba a kurkura da ƙarfi ana fesarwa ba. Mai niyyar azumi kuma, in haƙorin zai iya jira, ya gaya wa likita tun kafin a sa rana, domin a tsara yadda zai sha magani.

In jini ya ci gaba da tsatsafowa, a ninke tsabtataccen ƙyalle, a ɗan jiƙa shi, a ɗora daidai kan ramin a cije da ƙarfi rabin awa, mutum na zaune ba a kwance ba. Jiƙaƙƙen ƙunshin ganyen shayi irin na Lipton ma yana taimakawa. Yawu mai ɗan ja a ranar farko ba kome ba ne, jini kaɗan kan rina yawu mai yawa. Amma in an gwada sau biyu baki na ta cika da jini, a tafi asibiti.

A wajen kumatu kuwa, ranar farko ta sanyi ce. Sanyi na matse ƙananan hanyoyin jini, sai ruwan da ke taruwa ya ragu. A sami ƙanƙara, ko fiya wata mai sanyi daga wurin masu firji, a naɗe a ƙyalle, a ɗora minti 15 zuwa 20, a sauke kamar haka, a sake ɗorawa. Kada a ɗora ƙanƙara tsirararta a fata. Inda babu wuta babu firji, ƙyallen da aka tsoma a ruwan randa ana sauyawa ya fi babu. Da dare a tada kai da matashi biyu, kada a kwanta a ɓangaren da aka yi aikin.

A nan ne al'adarmu ke cin karo da asibiti. Mu da mun ga kumburi sai gashi, kuma da gaskiyarmu a wurare da dama. Amma gashi a ranar farko ƙara kumburin yake yi, yana kuma iya tada jinin da ya tsaya. Sai bayan kwana biyu cur ne ake komawa ga ɗumi: tsumma a ruwan ɗumi, a matse, a ɗora minti 20, sau uku ko huɗu a rana. Ɗumi nake cewa, ba tafasasshen ruwa ba. Wani lokaci fatar wurin ba ta gama farfaɗowa daga allura ba, mutum na iya ƙonewa bai ji ba. Kuma in akwai zazzaɓi, ko kumburin na zogi yana ƙaruwa, ba gashi yake so ba, likita yake so.

Bayan awa 24 sai a fara ruwan gishiri. Rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce ya zama ɗumi. A guntsa, a karkata kai ruwan ya kwanta a kan wurin, a zubar a hankali. Bayan kowane cin abinci da kafin barci, har mako guda. Sauran haƙoran a ci gaba da wanke su da buroshi ko asuwaki, a dai kauce wa ramin. Wasu kan daina wanke baki gaba ɗaya don tsoro, wannan kuwa gayyatar ƙwayoyin cuta ne.

Abinci ba sai na daɗe a kai ba, iyaye mata sun fi ni sani. Kunu da koko da suka huce, fura da nono, tuwo mai laushi da miyar kuka, alale, dafaffen ƙwai, ayaba, gwanda, kifin da aka cire wa ƙaya. A tauna ta ɗaya gefen. Kilishi, tsire, rake, aya, ƙuli-ƙuli da gasasshiyar masara su jira. Dafaffiyar shinkafa ma, duk da ita ce abincinmu a nan, ƙwayoyinta kan maƙale a ramin, gara a tuƙa ta tuwo. Abin da ba na so shi ne mutum ya ƙi ci ya ƙi sha don baki na ciwo. A zafin watan Afrilu na ƙasar nan, wanda ya kwana biyu ba ya shan ruwa sosai zai galabaita tun kafin ciwon ya yi masa kome.

Maza, kwana biyu ba gona. Sunkuyo a fadama, ɗaukar buhu, jan injin ban ruwa, duk suna sa jini ya hau kai, ramin ya sake ɓallewa, kumburi ya ƙaru. Mata, daka da surfe da ɗebo ruwa haka nan. In lokacin dashe ne ko yanka kuma haƙorin ba ya kumbure ba, ku tambayi likita ko za a iya sa ranar da za ku samu hutun kwana biyu.

Sai magani. Farasitamol ga babban mutum ƙwaya biyu ne masu miligiram 500, duk bayan awa shida, kada ya wuce ƙwaya takwas a yini da kwana. Ibufurofen mai miligiram 400, bayan an ci abinci, sau uku a rana, yana rage zafi da kumburi, amma ba na kowa ba ne. Mai gyambon ciki, mai ciwon koda, mai juna biyu, da mai asma da irin wannan magani ke tayar masa, kada su sha sai likita ya ce. Asfirin na hana jini daskarewa, kada a saye shi don ciwon haƙori, kuma kada a ɗora shi a kan dasashi kamar yadda wasu ke yi, ƙona naman yake yi. Amma wanda likita ya ɗora a kan asfirin ko wani maganin tsinka jini saboda zuciya, kada ya daina da kansa, ya dai faɗa wa likitan haƙori kafin a taɓa shi.

Abin da ya fi damuna shi ne haɗin da ake ƙullawa a leda a kemis. Sau da yawa in ka kwance ledar za ka tarar da magunguna biyu ko uku 'yan gida ɗaya da ibufurofen, wani lokaci har da tiramadol. Ba su ƙara sauƙi, ciki da koda suke ci, kuma suna rufe zafi da zazzaɓi har mutum ya ɗauka ya warke alhali mugunya na taruwa. Haka ma kafso. Kumburin kwana biyu na yau da kullum ba ƙwayoyin cuta ne suka kawo shi ba, don haka amoksisilin ba ya rage shi. In likita ya rubuta, a sha yadda ya ce har ƙarshe. In bai rubuta ba, kada a saya. Wanda aka ba Flagyl kuma ya nisanci giya da burkutu har ya gama da kwana biyu. Fetur, ruwan batir da kanwa a ramin haƙori, ina roƙonku, ku hana duk inda kuka gani.

Yanzu mu zo kan bakin da ya ƙi buɗuwa, wanda shi ya fi tsorata mutane. Ku sa yatsa a kumatunku ku cije, za ku ji wani nama ya yi tauri. Shi da wasu 'yan'uwansa da ke can ciki su ke rufe baki, kuma suna da ƙarfi sosai. In an daɗe baki na hangame ana aiki, sukan gaji su ɗaure. Allurar kashe zafi ta haƙoran ƙasa kuma can ƙuryar baki ake yin ta, kusa da ɗaya daga cikin waɗannan naman, wani lokaci takan ɗan ji masa rauni ko jini ya taru a wurin. Shi ya sa ko ciko aka yi wa mutum ba cirewa ba, yana iya tashi bayan kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki ya ji muƙamuƙi ya riƙe. Ba wai likita ya lalata aiki ba ne.

Ga ma'aunin da ba ya buƙatar kuɗi. Lafiyayyen baki na ɗaukar yatsu uku na mai shi a tsaye tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. A asibiti da milimita muke aunawa, abin da ya gaza 35 muna ɗaukarsa riƙewa ce. Ku sa mutum ya gwada da yatsunsa kowace safiya. Jiya ɗaya da rabi, yau biyu, jibi biyu da rabi: wannan yana kan hanya. Jiya biyu, yau ɗaya: wannan ba na gida ba ne.

Maganinsa ɗumi ne da motsi. Daga kwana na uku, a gasa gefen muƙamuƙi da ruwan ɗumi, sannan a buɗe baki a hankali har inda aka ji ya ja amma ba zafi mai tsanani ba, a tsaya a ƙirga goma, a rufe. A yi sau goma. A karkata haɓa dama, a karkata hagu, a turo ta gaba. Sau uku zuwa biyar a rana. In an sha maganin zafi rabin awa kafin nan ya fi sauƙi. A asibiti mukan jera 'yan katakon nan da ake danne harshe da su tsakanin haƙora, ana ƙara ɗaya bayan ɗaya kullum. Abin da ba a yi shi ne a sa cokali ko muciya a ɓanɓare bakin mutum da ƙarfi. Na taɓa ganin wanda aka karya wa haƙorin gaba ta haka, aka ƙara masa ciwo a kan ciwo. A gefe guda kuma, wanda ya ƙi motsa bakin sam don tsoron zafi, naman na iya ƙanƙancewa ya daɗe bai saki ba. Yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu baki ya koma daidai. In an yi kwana biyu ko uku ana gashi da motsi babu ko ɗan sauƙi, ko an wuce mako biyu bai gama saki ba, a koma wurin wanda ya yi aikin.

Akasin wannan ma na faruwa: baki ya buɗe ya ƙi rufuwa, wato muƙamuƙi ya goce. Ko mutum ya ji haƙoransa ba sa haɗuwa yadda suka saba. Dukansu na asibiti ne a ranar.

Akwai wani ciwo kuma da kan taso tsakanin kwana na biyu da na biyar. Mutum ya fara jin sauƙi, sai zogi mai tsanani ya dawo yana harbawa har kunne, baki na wari, in ka leƙa ramin ka gan shi fayau babu gudan jinin nan. Murfin ne ya fita, ƙashi ya zauna a buɗe. Ya fi samun masu shan taba da waɗanda aka cire wa haƙorin ƙurya na ƙasa. Yana da zafi ƙwarai amma ba ya kisa, kuma ƙwaya ba ta cika jin sa ba. Likita zai wanke ramin ya sa magani a ciki, sau da yawa a ranar mutum ke samun barci.

To ga alamomin da in kun ga ko ɗaya ba a jiran gari ya waye. Kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa ko wuya, musamman in ya kama gefe biyu ya yi tauri. Harshe ya ɗago sama kamar ana turo shi. Haɗiyar yawu ta gagara. Murya ta sauya kamar mai magana da dankali mai zafi a baki. Numfashi na wuya, ko mutum ya ƙi kwanciya rigingine. Kumburi ya hau har ya rufe ido. Zazzaɓi da rawar ɗari tare da bakin da ke ƙara rufewa. Abin da ya sami manomin da na ba ku labari yana da suna a littattafan likita, sunan wani likita ɗan ƙasar Jamus, Ludwig, wanda ya bayyana shi a 1836. Saiwoyin matauna na ƙasa suna kusa da wani fili da ke ƙarƙashin harshe. In mugunya ta ɓalle ta shiga nan, sai ta tura harshe sama da baya ya toshe hanyar iska. Ba dafin ciwon ne ke fara kashe mutum ba, shaƙewa ce, kuma tana iya zuwa cikin sa'o'i kaɗan. Irin wannan a ɗauke shi a zaune, kada a tilasta masa kwanciya, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo. A nufi Birnin Kebbi kai tsaye, asibitin Sir Yahaya ko asibitin gwamnatin tarayya, in abin ya fi ƙarfinsu su za su tura shi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Na kusa da Argungu su fara da babban asibitin garin.

Masu ciwon suga, masu sikila, masu ɗauke da cutar ƙanjamau, tsofaffi da masu juna biyu, su ciwon kan yi musu gudu fiye da kowa. A gare su ku rage haƙuri: ko zazzaɓi kaɗan bayan cire haƙori a kai su a duba. Kuma akwai mutane da yawa da ke da suga ba su sani ba, sai irin wannan kumburi ya tona.

Kumburin da ya zo cikin mintoci ko 'yan sa'o'i bayan allura ko shan magani, leɓɓa da fatar ido suka kumbura, jiki na ƙaiƙayi da borin jini, wannan jiki ne ya ƙi maganin. A dakatar da shi a tafi asibiti nan take, a kuma riƙe sunan maganin har abada.

Ba zan bar zancen riƙewar baki ban ambaci sarƙe-haƙora ba, don mu manoma ne, kullum ƙafa da hannu na cikin laka da taki. Ƙwayar cutar a ƙasa take, takan shiga ta rauni, har da raunin da aka yi da ƙarfen da ba a dafa ba. Alamarta ta farko sau da yawa muƙamuƙi ne ke riƙewa, kwana 3 zuwa 21 bayan raunin. Bambancinta shi ne ba ta tsayawa a baki: wuya ya sandare, baya da ciki su yi tauri, jiki na fizga in an yi ƙara ko an haska fitila. Wanda aka cire wa haƙori a kasuwa ko a gida, ko ya taka ƙaya ko ƙusa a 'yan makonnin nan, sannan baki ya riƙe ba tare da wani kumburin kirki ba, ku tuna da ita. Ba a gashinta, ba a motsa ta, asibiti kawai.

Wanzamai iyayenmu ne, tare muke zaune, wasunsu ma na cikin ɗakin nan. Ba faɗa na zo yi ba. Roƙona shi ne, kumburin fuska da wuya kada a yi masa sakiya ko ƙaho ko tsaga. Mugunyar a can ciki take, tsakanin manyan jijiyoyin jini, aska ba ta kai wa gare ta, sai dai ta buɗe wa wata cutar ƙofa, a kuma ɓata kwana biyun da ke da tsada. Wanzamin da ya ce wa mutum wannan ba nawa ba ne, tafi asibiti, ya yi aikin da ya fi na kowa a ranar.

Kalma ɗaya game da yara. In an yi wa yaro allura a baki, ku sa masa ido na awa uku ko huɗu, don yakan tauna leɓensa bai ji ba, washegari ya kumbura ya yi fari, iyaye su ce an ƙona shi. Wannan na warkewa da kansa. Amma yaro ɗan shekara biyu zuwa shida, ramamme, wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba, dasashinsa na jini, bakinsa na wari, kumatu ya fara kumbura, ko an taɓa haƙorinsa ko ba a taɓa ba, ku yi tunanin cutar noma. Sunan ba shi da dangantaka da noman gona, daga harshen Girka ya fito. Cikin 'yan kwanaki takan huda kumatu, yawancin yaran da ba su sami magani ba ba sa rayuwa, waɗanda suka tsira kuma da yawa muƙamuƙinsu kan manne. In an kama ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtar baki da abinci mai gina jiki na tsayar da ita. Akwai asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999, ƙungiyar likitocin MSF na aiki tare da su tun 2014, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta.

In za ku tura mutum asibiti, ku rubuta 'yar takarda ku ba wanda zai raka shi: ranar da aka cire haƙorin da inda aka cire, ranar da kumburi ya fara, yatsu nawa ke shiga baki jiya da yau, ko akwai zazzaɓi, ko yana da suga ko sikila. Ledar magungunan da ya sha a tafi da ita, har da na gargajiya, ba wanda zai yi masa faɗa. Mai ciwon da bakinsa ya rufe ba ya iya ba da labari, takardar ce za ta yi magana a madadinsa.

Na ga an ɗaga hannu a can baya wajen iyaye mata. Kafin mu shiga tambayoyi, kowa ya juya ga na kusa da shi, ku gwada ma'aunin yatsu ukun nan, in zagaya in ga ko kuna sa su a tsaye ko a kwance.